Ba Ƙarfin Magani Ne Ke Warkarwa Ba, Dacewarsa Ce

A kantin magani, da gaban teburin likita, da bakin masu jinya da suka gaji da kwanan asibiti, akwai roƙo guda da ake yawan ji: a ba mu mai ƙarfi. Mai tari yana so a tsallake masa Septrin a ba shi Augmentin. Mai zazzaɓi yana ganin an yi masa riƙon sakainar kashi in ba a haɗa masa da allura ba. Uwar da ɗanta ke gudawa ba ta samun natsuwa sai ta ga kwalbar Flagyl a hannunta. Abin da ke ƙarƙashin wannan roƙo shi ne zaton cewa magungunan kashe bakteriya, waɗanda ake kira antibayotik, jere suke daga rarrauna zuwa ƙaƙƙarfa, kuma wanda ya fi tsada shi ya fi aiki. Wannan zato kuskure ne, kuma yana cin rayuka. Kowane rukuni na waɗannan magunguna yana da wurin da yake duka a jikin ƙwayar cuta, yana da sassan jikin mutum da yake kaiwa da waɗanda ba ya kaiwa, yana kuma da irin tasa illar. Saboda haka maganin da ya fi kyau ga kowace cuta shi ne wanda ya dace da ƙwayar da ta haddasa ta, ya isa inda take zaune, bai kuma taɓa abin da babu ruwansa ba. Duk wanda ya fahimci yadda rukunan nan suke aiki zai ga dalilin da ya sa amoksisilin mai araha yake ceton yaro mai ciwon huhu, alhali allura mai tsada ba ta ƙara wa mai mura komai.

Tushen wannan ilimi tambaya ɗaya ce: ta yaya za a kashe wani abu mai rai da ke cikin jikin mutum, a bar mutumin da ransa? Amsar ita ce a nemo abin da bakteriya take da shi wanda ɗan Adam ba shi da shi, ko yake da shi a wata siffa dabam, a kai hari can. Likitan Jamus Paul Ehrlich ya nuna hakan a aikace da Salvarsan, maganin tunjere, a 1910. Gerhard Domagk ya biyo baya da Prontosil, kakan magungunan salfa, wanda ya bayyana sakamakonsa a 1935. A 1928 Alexander Fleming ya lura a asibitin St Mary's da ke Landan cewa wata funfuna da ta faɗa cikin farantin da yake renon bakteriya ta hana su tsirowa a kewayenta, amma sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford suka tace sinadarin kafin fenisilin ya zama magani. Ɗan sandan da suka yi wa jinya da shi a 1941, Albert Alexander, ya fara samun sauƙi, sai maganin ya ƙare, ya rasu. Wannan ƙa'ida ta neman bambanci ita ce kuma ke shata iyakar magungunan. Bairos, wato irin ƙwayar da ke kawo mura da ƙyanda da farankama da kaso mai yawa na gudawar yara, ba shi da bango, ba shi da kayan aikin kansa, cikin ƙwayar halittar mutum yake shiga ya ci moriyar nata. Babu inda antibayotik zai kama shi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma wata halitta ce dabam, magungunanta dabam.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bakteriya ita ce a ɗauke ta kamar tsohon birni mai ganuwa. Tana da bango mai tauri da ke riƙe ta, tana da maƙera a ciki inda ake ƙera furotin, tana da kundin gado, wato DNA, wanda dole a kwafe shi duk sanda za ta rabu biyu, tana kuma da hanyoyin haɗa sinadaran da take rayuwa da su. Kowane babban rukunin magani ɗaya daga cikin waɗannan wurare yake nufa. Sai dai ganuwar ba iri ɗaya ba ce ga kowace bakteriya. A 1884 wani likita ɗan Denmark, Hans Christian Gram, ya gano hanyar rini da har yau ake amfani da ita a ɗakunan gwaji. Wasu bakteriya suna riƙe launin shunayya saboda kaurin bangonsu, kuma a cikinsu akwai masu kawo maruru da ciwon maƙogwaro da mafi yawan namoniya, wato ciwon huhu. Wasu kuma launin yana wankewa su koma ja, domin bangonsu siriri ne amma akwai wata fata ta biyu da ta lulluɓe shi ta waje, kuma a cikinsu akwai masu kawo taifod da kwalara da ciwon sanyi da mafi yawan ciwon mafitsara. Wannan fata ta waje tana hana magunguna da dama shiga. Tun daga nan ake gane cewa maganin da ke gamawa da rukunin shunayya yana iya tsayawa a ƙofar rukunin ja ya rasa mashiga.

Masu hana ginin bango

Rukuni mafi girma shi ne na masu hana ginin bango, kuma dangin fenisilin ne a gaba. Bangon bakteriya saƙa ce da wasu enzayim ke ɗaure zarenta da juna. Fenisilin yana maƙale wa waɗannan enzayim, sai bakteriya mai girma ta ci gaba da faɗaɗa bango babu ɗauri, ruwa ya kwararo ciki, ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin halittar mutum ba su da irin wannan bango ko kaɗan, shi ya sa dangin fenisilin suke cikin mafiya aminci, har ana ba mai ciki da jariri. Babban haɗarinsu shi ne jikin wasu ba ya karɓarsu, daga ƙuraje da ƙaiƙayi har zuwa kumburin maƙogwaro da faɗuwar jini mai iya kisa cikin mintuna. Tsohon fenisilin har gobe shi ne maganin tunjere. Amoksisilin, wanda ya fito a 1972, hanji yana tsotse shi sosai, kuma shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba wajen maganin namoniyar yara. Wasu bakteriya sun mayar da martani da wani enzayim mai suna beta-laktames, wanda ke tsinka maganin kafin ya yi aiki. Sai masana suka haɗa amoksisilin da wani sinadari mai toshe wannan enzayim, aka sami Augmentin. Garkuwa aka ƙara masa, kuma garkuwar tana da amfani ne kawai a kan ƙwayoyin da ke fitar da enzayim ɗin. Babbar ƙwayar da ke kawo namoniya ba ta fitar da shi, don haka a kanta Augmentin bai fi amoksisilin zalla komai ba, sai dai ya fi tsada, ya kuma fi sa gudawa.

'Yan uwan fenisilin na kusa su ne sefalosforin, waɗanda asalinsu wata funfuna ce da Giuseppe Brotzu ya samo a 1945 a ruwan teku kusa da magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya na Italiya. Na farkonsu sun fi aiki a kan rukunin shunayya, na baya kuma suka faɗaɗa zuwa rukunin ja. Wanda aka fi sani a asibitocinmu shi ne seftiriyazon, kuma darajarsa ta gaskiya ita ce yana ratsawa cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. A yankin da sanƙarau ke dawowa da rani, inda annobar 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, irin wannan magani dukiya ce da bai kamata a riƙa zuba ta a kan kowane zazzaɓi ba. Bayansa akwai karbafenem, irin su merofenem, waɗanda ake ajiyewa domin majiyyatan da sauran magunguna suka gaza a kansu. Bankomaisin, wanda aka samo daga ƙasar tsibirin Borneo, shi ma bango yake hanawa, amma ta wata hanya dabam. Ana ɗaukarsa babban magani domin yana kashe ƙwayar maruru mai bijire wa dangin fenisilin, wadda aka fara ba da rahotonta a Ingila a 1961. Duk da haka girmansa ba ya barinsa ya ratsa fatar rukunin ja, kuma a kan ƙwayar maruru ta yau da kullum kulokzasilin mai araha ya fi shi saurin kisa. Akwai ma wata bakteriya mai kawo namoniya, maikofilasma, wadda ba ta da bango sam. Ko da an tara mata duk magungunan nan, babu wanda zai taɓa ta.

Masu tsayar da ƙira da kwafi

Rukuni na biyu cikin bakteriya yake shiga ya tsayar da raibosom, wato inda ake ƙera furotin. Mutum ma yana da raibosom, amma siffar nasa ta bambanta, kuma wannan bambanci ne mashigar maganin. Sitireftomaisin, wanda Albert Schatz da Selman Waksman suka gano a Jami'ar Rutgers ta Amurka a 1943, shi ne magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Ɗan uwansa jentamaisin ana haɗa shi da amfisilin wajen jinyar jariran da cuta ta shiga jininsu. Hanji ba ya tsotse shi, shi ya sa allura ake yi, kuma in an wuce ƙima yana lalata ƙoda, yana iya kurmantar da mutum har abada. Tetirasaikilin, kafson nan ja da rawaya da ake sayarwa a tasha da kasuwa, yana manne wa sinadarin ƙashi, ya ɓata haƙoran yaro, don haka ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. In aka sha shi da madara ko nono ko ƙwayar ƙarin jini, mafi yawansa ba ya shiga jiki. Ƙanensa doksisaikilin yana shiga cikin ƙwayoyin halittar mutum ya cim ma bakteriyar da ke ɓuya a can. Eritiromaisin da azitiromaisin su ne mafita ga wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin, ana amfani da su a kan mashaƙo tare da allurar karya dafinsa, kamar yadda aka yi a annobar da ta addabi Kano a 2023, ana kuma raba azitiromaisin domin kawar da amosanin ido. Kuloramfenikol, wanda ya yi tashe a jinyar taifod da sanƙarau, an ja baya da shi domin yakan kashe ɓargo a jikin wasu mutane ƙalilan, ya hana su yin jini.

Rukuni na uku kundin gado da sinadaran rayuwa yake nufa. Sifirofuloksasin da danginsa suna toshe enzayim ɗin da ke warware DNA lokacin kwafi, sai kundin ya kakkarye. Suna da amfani a kan atini mai jini da ciwon ƙoda, amma suna iya raunana jijiyar agara har ta tsinke, musamman ga tsofaffi. Magungunan salfa suna cin moriyar wani bambanci: mutum daga abinci yake samun sinadarin folet, bakteriya kuwa ita ke haɗa nata. Septrin magunguna biyu ne da ke toshe matakai biyu a jere na wannan haɗi, kuma yana kare masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki daga wasu cututtuka, ko da yake yakan jawo wata mummunar saɓulewar fata ga wasu. Metironidazol, wato Flagyl, ba ya fara aiki sai ya shiga cikin ƙwayar da ke rayuwa inda babu iskar oksijin, shi ya sa yake da amfani a kan ruɓar cikin ciki da atinin amiba, ba shi kuma da abin yi a gudawar da bairos ya kawo. Jentamaisin akasinsa ne, sai da oksijin yake shiga bakteriya. Rifamfisin yana hana karanta kundin, kuma shi ne ginshiƙin jinyar tarin fuka ta wata 6, inda ake shan magunguna huɗu wata 2, sannan biyu wata 4. Yana mai da fitsari ja, wanda ba abin tsoro ba ne, yana kuma rage tasirin ƙwayoyin tazarar haihuwa, wanda dole a gaya wa mace. A can ƙarshe akwai kolistin mai huda fatar rukunin ja, wanda aka yi watsi da shi shekaru da dama saboda cutar da ƙoda, aka dawo da shi da aka rasa madadi.

Yadda likita ke zaɓa

Idan aka jera waɗannan bayanai, za a ga likitan kirki tambayoyi uku yake yi kafin ya rubuta magani: wace ƙwaya ce, a wane sashe na jiki take, kuma wane ne ke ɗauke da ita. Naitirofurantoyin yana taruwa a fitsari, don haka yana maganin ciwon mafitsara sarai, amma ba a dogara da shi in cutar ta hau ƙoda ko ta shiga jini. Maruru da ya tara mugunya sai an tsaga shi, domin magani ba ya ratsa mugunya yadda ya kamata. Mai ciki, da jariri, da tsohon da ƙodarsa ta yi rauni, kowa da abin da aka hana shi da ma'aunin da ya dace da shi. Hatta lokacin sha daga yanayin aikin maganin ya samo asali. Dangin fenisilin suna kisa ne muddin adadinsu a jini bai sauka ƙasa da wani mizani ba, shi ya sa sau uku a rana ke nufin kowace awa 8. Jentamaisin kuwa da yawan da ya kai a tashi ɗaya yake kisa, shi ya sa allura ɗaya a rana take isa, ta kuma fi sauƙi ga ƙoda. Allura ma ba ta fi ƙwaya don kanta ba. Metironidazol da doksisaikilin kusan dukkansu suke shiga jini in an sha, kuma ana komawa ga allura ne idan majiyyaci ba ya iya haɗiya, ko yana amai, ko jikinsa ya yi tsanani, ko maganin ba ya bin hanji.

Wanda ya leƙa ɗakin gwaji zai ga wannan magana da idonsa. Ma'aikaci yana ɗaukar bakteriyar da ya reno daga fitsari ko jinin majiyyaci, ya shafe fuskar wani ɗan faranti mai ɗauke da abincinta, sannan ya ɗora 'yan takardu zagayayyu, kowace jiƙe da magani dabam. Yana sa farantin a na'ura mai ɗumin jikin mutum ya kwana. Da safe bakteriya ta rufe farantin, sai dai a kewayen wasu takardun an sami fili fes inda ta kasa tsirowa, a kewayen wasu kuma ta tsiro har gindin takardar. Yana auna faɗin filin da milimita ya rubuta wanda ya ci da wanda ya faɗi. Sau da yawa takardar magani mai tsada ce bakteriya ta mamaye, ta tsohon magani kuma take da faffaɗan fili. Kafin a kai ga wannan sakamako ana ɗaukar kwana 2 zuwa 3. Don haka ga wanda cuta ta shiga jininsa, ƙa'ida ita ce a ɗebi jini domin gwaji, a fara masa magani mai faɗi nan take, sannan a koma ga mai ƙunci da zarar sakamako ya fito.

Dalilin wannan komawa shi ne bijirewa. Bakteriya kamar ta hanji tana iya rabuwa biyu kowane minti 20 in ta sami wuri, kuma a cikin miliyoyi ba a rasa wadda ta zo da wani canji: ko ta fitar da enzayim mai lalata maganin, ko ta sauya siffar wurin da yake kamawa, ko ta toshe mashigarsa, ko ta riƙa tunkuɗo shi waje. Magani yana kashe sauran ya bar mata fili, ita kuma tana iya miƙa wannan dabara ga wata bakteriya da ba danginta ba. Kowane shan antibayotik yana yin wannan tankaɗe a kan dubban biliyoyin bakteriya masu amfani da ke hanjin mutum, kuma gwargwadon faɗin maganin, gwargwadon ɓarnar. Fleming da kansa ya yi gargaɗin haka a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Ƙwayar ciwon sanyi ta bijire wa salfa, da fenisilin, da tetirasaikilin, da sifirofuloksasin, ɗaya bayan ɗaya, yanzu seftiriyazon ne abin dogaro. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka sami taifod da ya bijire wa seftiriyazon ɗin ma. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000.

Hujjojin masu ja

Mai ja zai ce duk wannan tsari na masu ɗakin gwaji ne, mu kuwa ba mu da shi. Maganarsa tana da tushe. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya gano cewa a ƙasashe 14, cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000, kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke gwajin bakteriya. Amma rashin gwaji ba ya mai da zaɓi ya zama caca. An san ƙwayoyin da suka fi kawo kowace cuta, kuma a kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gida uku a 2017: na farawa, irin su amoksisilin da doksisaikilin da jentamaisin da metironidazol, na sa ido, irin su seftiriyazon da sifirofuloksasin da azitiromaisin, da na ajiya, irin su kolistin. Ma'aikacin lafiya a ƙauye yana iya ƙirga numfashin yaro a minti ɗaya ya bambanta namoniya da mura, ya duba ko akwai jini a gudawa, ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro na minti 15. Abin da ya fi rashin gwaji illa shi ne gwajin da ke ɓatarwa. Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifod, domin yana iya nuna alama ga wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya ko yake fama da wani zazzaɓi dabam, amma a kansa ake ɗirka wa mutane da yawa sifirofuloksasin da seftiriyazon.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: a ƙasashenmu yaran da ke mutuwa don ba su sami antibayotik ba suna da yawa, to me ya sa za a yi ta wa'azin ragewa? Akwai shaida mai ƙarfi a bayan wannan. Gwajin MORDOR da aka buga a 2018 ya raba azitiromaisin sau biyu a shekara ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijar da Malawi da Tanzaniya, mace-mace suka ragu da kashi 13.5 cikin ɗari gaba ɗaya, a Nijar kuma, inda aka yi aikin a jihar Doso, da kashi 18. Ba wanda ya isa ya raina rayukan nan. Sai dai binciken ya kuma nuna ƙaruwar bakteriya masu bijire wa dangin azitiromaisin a ƙauyukan da aka raba shi, shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, tare da sa ido a kan bijirewa. Wannan rabo ne da aka auna ribarsa da hasararsa, ba daidai yake da ɗiga wa kowane sabon jariri Ampiclox ranar haihuwa ba tare da wata cuta ba. Rashin magani da ɓarnar magani matsala ɗaya ce, domin talaka ne ke fara rasa mafita ranar da amoksisilin ya daina aiki, tunda merofenem ya fi ƙarfin aljihunsa.

Wani kuma zai ce ya sha kafso a kan mura ya warke. Mura takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana 10, an sha magani ko ba a sha ba, kafson ya tarar da sauƙi a hanya ne kawai. Akwai masu cewa likitoci da kansu sun sauya magana a kan tsawon kwanakin sha. Gaskiya ne bincike ya nuna cewa a cututtuka da dama gajeren zango yana aiki kamar dogo, amma wannan hukunci ne da ake yankewa cuta bayan cuta, kuma a tarin fuka yanke magani kafin lokaci shi ke haifar da nau'in da ke bijirewa. Sai masu cewa ai za a ƙirƙiro sababbi. Mafi yawan rukunan da ake amfani da su yau an gano su ne tsakanin shekarun 1930 da 1960, kuma kamfanoni da dama sun janye daga wannan fage domin babu riba a maganin da za a ajiye sai ta ɓaci. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami izinin sayar da sabon antibayotik a 2018, ya durƙushe a 2019. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya ƙarar da na hannunsa yana jiran wanda bai zo ba shi zai kwana a ciki.

Abin da ya biyo bayan duk wannan aiki ne da ya rataya a wuyan kowa. A watan Satumba na 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince cewa kafin 2030 aƙalla kashi 70 cikin ɗari na antibayotik da mutane ke sha su zama daga gidan farawa, Najeriya kuma tana da tsarinta na ƙasa na biyu, na 2024 zuwa 2028. Cika wannan alkawari yana buƙatar ɗakin gwajin bakteriya mai aiki a kowane babban asibiti, da amoksisilin mai inganci a kowace ƙaramar cibiyar lafiya, da hana sayar da magungunan sa ido ba tare da takardar likita ba, da hana zuba tetirasaikilin da kolistin a ruwan kaji don su yi saurin girma, al'adar da Tarayyar Turai ta haramta irinta tun 2006. Yana buƙatar ruwa mai tsabta da rigakafi, domin allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta kusan kawar da sanƙarau nau'in A daga yankinmu, kuma duk cutar da aka hana aukuwa magani ne aka adana. Majiyyaci ma yana da nasa rabon: ya tambayi likita ko ciwonsa na bakteriya ne, me ya sa aka zaɓi wannan magani, kwana nawa zai sha kuma awa nawa tsakani, kada ya ba wani ragowar nasa. Likitan da ya ce wa mai mura ya je ya huta ya sha ruwa ya yi aikinsa daidai, kuma ya kamata jama'a su riƙa auna ƙwarewar ma'aikacin lafiya da dacewar abin da ya rubuta, ko da kuwa abin da ya dace a ranar shi ne kada ya rubuta komai.